Launi nawa ya isa manhaja? Alhaji yana son kore da ruwan gwal da ja

Sadiq_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara. Ina haɗa wa wani Alhaji a Kantin Kwari manhajar rubuta bashi, wadda yaran shagonsa za su riƙa shigar da wanda ya karɓi kaya, dila nawa, nawa ya biya, nawa ya rage. Lissafi ya zauna, ba matsala. Inda na maƙale shi ne launi. Alhaji ya ce lallai a sa kore da ruwan gwal don su ne a tambarin shagonsa, kuma sunan duk wanda ake bi bashi ya fito da ja. Na yi yadda ya ce: saman allo kore shar (#00C853) da farin rubutu, madannai ruwan gwal (#D4AF37), sai na ƙara shuɗi a inda ake latsawa a shiga wani shafi, da ruwan lemo a wajen gargaɗi. A kwamfutata ya yi kyau. Da na sa wa babban yaron shagon a wayarsa, ya fita bakin layi ya dawo ya ce min ba ya ganin komai sai ya kare allon da tafin hannu. Daga ina ake farawa ne? Akwai ƙa'ida, ko ido ne kawai?

Ummi_Dizain:
Wa alaikumus salam. Sadiq, ka ƙirga da kanka: kore, gwal, ja, shuɗi, ruwan lemo. Biyar ke nan, kuma kowanne yana ihu. Idan mutum biyar suka kira ka lokaci guda, wa za ka amsa wa? Ni yadda nake yi, ina fara zana komai da fari da baƙi da ruwan toka kawai. Sai na ga shafin ya karantu a haka, an gane babba an gane ƙarami, sannan in ɗauko launi ɗaya tal in sa a abin da nake so a danna. Ja da rawaya kuwa ajiye su nake yi don ranar da wani abu ya ɓaci.

Injiniya_Tarauni:
Maganar Ummi haka take, amma abin da ya hana yaron gani ba yawan launin ba ne. Bambancin haske ne tsakanin rubutu da bangonsa. Wannan ana auna shi da lamba, ba a barinsa ga ido.

Akwai ƙa'idar da ake kira WCAG, ta ƙungiyar W3C mai tsara dokokin shafukan intanet. Sigarta ta biyu ta fito a 2008, aka yi mata ƙari a 2018 da 2023. Ma'aunin yana farawa daga 1, wato rubutu da bango iri ɗaya ne sak, ya tuƙe a 21, wato baƙi ƙirin a kan fari fat. Ƙaramin rubutu ana so ya kai 4.5. Babban rubutu, da gefen akwatin da ake cike bayani, da alamomi, ana so su kai 3.

Na auna naka yanzu. Farin rubutu a kan korenka 2.2 ne. Fari a kan ruwan gwal ɗin 2.1. Ko rabin abin da ake nema ba su kai ba. A ɗaki mai labule za ka iya lallaɓawa ka karanta, amma a ranar Kano ta ƙarfe ɗaya ba yadda za a yi. Ka duhunta koren zuwa #2E7D32, zai ba ka 5.1. In ka je #1B5E20 ya kusa 8. Kore ne dai har yanzu, Alhaji ba zai ce an canza masa ba. Ka buɗe ma'aunin WebAIM a intanet, kyauta ne, ka zuba lambobin biyu ka gani da idonka.

Sadiq_Gwammaja:
Na gode Injiniya, na gwada, haka ne. To ruwan gwal ɗin fa? A kansa Alhaji ya fi nacewa.

Injiniya_Tarauni:
Gwal a waya ba ya ƙyalli, ƙanena. Abin da Alhaji yake gani a allon shagonsa fenti ne mai sheƙi da haske ke bugawa ya dawo. A waya kuwa rawaya ce mai duhu kawai, ta yi kama da ruwan ƙasa. Ka bar shi a tambarin, ka ɗora shi a kan koren nan mai duhu, zai ba ka wajen 3.7, ya isa ga babban abu. Tambari ma ƙa'idar ta ɗauke masa. Amma kada ka rubuta lissafin kuɗi da shi. In dole sai madanni ya zama gwal, to rubutun kansa ya zama baƙi.

Ɗan_Kwari_Layin_Atamfa:
Ni ba na dizain, ɗan kasuwa ne, ƙanena ne ya sa ni a zauren nan. Amma maganar rana gaskiya ce. Ko atamfa ba ma yarda mai saye ya yanke hukunci a cikin shago, cewa muke fito da ita waje ka gani. Wadda ta yi ruwan hanta a ƙarƙashin ƙwan lantarki, a rana sai ka ga ta koma ruwan goro. Mata sun fi kowa sanin wannan, shi ya sa mai haɗa anko ba ta aike, da ƙyalle take zuwa a jaka.

Hafsy_Kabuga:
Ina da tambaya a kan tambayar. Lambobin nan masu alamar # a gaba, yaya ake karanta su? Ni kwafa kawai nake yi daga Figma, manhajar da muke zana dizain da ita, in manna.

Malam_Nura_Lissafi:
@Hafsy_Kabuga allon waya ƙananan fitilu ne, kowane ɗigo yana da uku: ja, kore, shuɗi. Shi ne RGB. Kowace fitila tana da mataki 256, daga 0, a kashe, zuwa 255, an ƙure ta. Lambar da kike kwafa gida shida ce, biyu-biyu. Biyun farko na ja, na tsakiya na kore, na ƙarshe na shuɗi. Ana ƙirga su ne da tushe goma sha shida, shi ya sa bayan 9 sai A har zuwa F, kuma FF shi ne 255. To #FF0000 ja ne zalla, #000000 duka a kashe, baƙi, #FFFFFF duka a kunne, fari. In kika ga gidajen uku iri ɗaya, kamar #767676, ruwan toka ne. Ki lissafa 256 sau 256 sau 256, za ki sami launi 16,777,216.

Abin da ke ba ɗalibaina mamaki kullum shi ne, a haske, ja da kore in sun haɗu rawaya suke bayarwa. A fenti kuwa in ka cuɗa su sai ka sami wani abu kamar taɓo. Haske ƙaruwa yake in an haɗa, fenti kuwa kowanne haɗiye wani sashe na hasken yake yi.

Hafsy_Kabuga:
Allah ya saka da alheri Malam. Shekara biyu ina amfani da su, yau na gane.

Alh_Firinta_Fagge:
Malam Nura ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mu masu buga takardu tawada huɗu ce da mu, CMYK. Yaro zai zo da kalanda ko katin biki a waya, kore shar kamar an kunna fitila, in na buga ya ce na ɓata masa aiki. Ba ni ba ne. Akwai koren da shuɗin da allo ke iya nunawa wanda tawada ba ta kai wa gare shi ko a wace na'ura. Sadiq, in Alhajin zai buga rasit ko bana da launin manhajar, ka zaɓi kore mai duhun da Injiniya ya ba ka. Shi yana fitowa a takarda kusan yadda yake.

Baban_Hanifa:
Ku ba ni dama in yi magana a kan jan nan na masu bashi, don abin ya shafe ni kai tsaye.

Ina da makantar launi. Ban sani ba sai da na kai shekara ashirin da shida, aka yi mana gwajin ido wajen neman aiki, aka buɗe min littafin nan mai ɗigo-ɗigo na Ishihara, likitan Japan da ya fitar da shi a 1917. Ma'aikaciyar ta ce wace lamba ka gani, na ce babu lamba. Ta juya shafi, na ce nan ma babu. Sai ta dube ni. A ranar na gane dalilin da ya sa tun ina yaro in an aike ni sayen tumatir nake haɗo ɗanye da nunanne, ana ta yi min faɗa ana cewa ba na sa hankali.

Daga baya na yi sana'ar POS. Akwai wata manhaja da muke amfani da ita, in kuɗi ya shiga sai ɗan ɗigo ya zama kore, in bai shiga ba ya zama ja. Ba rubutu, ba alama, ɗigo kawai. Wata ranar Juma'a ana cunkoso bayan an sauko daga masallaci, na miƙa wa wani dubu arba'in a kan ɗigon da na ɗauka kore ne. Da dare ina haɗa lissafi na ga babu. Mutumin ban san shi ba, ban sake ganinsa ba. Daga aljihuna na biya mai gidana, wata biyu ina biya.

To Sadiq, don Allah, kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo. Ka rubuta "An biya", ka rubuta "Saura", ka sa alamar daidai a ɗaya, ka sa wata alama daban a ɗayan. Irinmu muna nan a kasuwa, kuma da yawa ba su ma san suna da shi ba.

Ummi_Dizain:
Subhanallah. Allah ya mayar da alheri Baban Hanifa. Wannan ya fi duk abin da za mu faɗa.

Dr_Aisha_Ido:
Amin. In ƙara haske kaɗan: galibi gado ne, kuma yana tafiya ne a kan ƙwayar halittar X, shi ya sa ya fi yawa a maza, don su guda ɗaya gare su. Alƙaluman da aka fi ambata, namiji ɗaya cikin 12 da mace ɗaya cikin 200, na mutanen arewacin Turai ne. A Afirka bai kai haka ba, amma ko ɗaya cikin hamsin ne, ku ƙiyasta mazan da ke shiga Kwari a wuni guda. Kuma ba wai fari da baƙi suke gani ba kamar yadda mutane ke zato. Ja da kore da ruwan ƙasa ne ke kusantar juna a idonsu. Shuɗi kuwa yawancinsu suna ganinsa sarai.

Injiniya_Tarauni:
Sai da na koma na duba shawarar da na bayar saboda maganar Baban Hanifa. Koren da na ba Sadiq, #2E7D32, in ya haɗa shi da jan da aka saba haɗa shi da shi, #C62828, kowanne ya ci jarrabawa a kan fari, 5.1 da 5.6. Amma tsakaninsu su biyu 1.1 ne kacal. Duhunsu ɗaya ke nan. Duk wanda idonsa bai raba ja da kore ba, abu ɗaya zai gani. Don haka cin ma'aunin bai wadatar ba, rubutun da alamar dole ne.

Hanyar gwaji mai sauƙi: a Android, cikin saitin masu haɗa manhaja, akwai inda za ka mayar da allon gaba ɗaya fari da baƙi, ko ka sa ya kwaikwayi makantar ja da kore. Chrome ma yana da shi a kayan aikinsa. Ka kunna, ka miƙa wa wani wayar ka ce ya nuna maka wa ake bi bashi.

Kb_Zoo_Road:
An ce ma shi ya sa Facebook ya zama shuɗi.

Dr_Aisha_Ido:
Haka ne, Mark Zuckerberg da bakinsa ya faɗa a wata hira a 2010, cewa yana da makantar ja da kore, shuɗi ne ya fi gani sosai.

Kb_Zoo_Road:
To ni a kwas ɗin da na yi an ce mana shuɗi yana nufin amana, kore arziki, ja haɗari. Ashe ba haka ba ne? Don ni da zan ba Sadiq shawara sai in ce ya bar koren ya koma shuɗi, tunda harkar kuɗi ce.

Anti_Binta_Tela:
Kabiru, amana a wajen wa? OPay kore ne, Moniepoint shuɗi, PalmPay shunayya, kuma duk mutane na zuba kuɗinsu a ciki. Airtel ja ne, ban taɓa jin wanda ya ƙi sayen layi don ya ji tsoro ba. Ni ɗinki nake yi shekara goma sha tara. Launi ma'anarsa tana wurin mutanen da ke kallonsa ne. Fari a wajen Turawa kayan amarya ne, mu nan fari na Juma'a ne da Idi, kuma shi ne likkafani.

Malam_Nura_Lissafi:
Anti ta yi gaskiya. A kasuwar hannun jari ta Sin, ja ne alamar farashi ya hau, kore ya sauka, akasin Amurka.

Auwal_Farm_Centre:
A Kano ma ai ja yana da tasa ma'anar. Ka sa jar hula ka shiga gari ka gani ko za a ce maka haɗari. Kuma rawaya da kore in ka haɗa su, Pillars za a ce, sai masu gida. Rawaya zalla kuwa ko a ce MTN ko a ce A Daidaita Sahu.

Shugaban_Zaure:
Malam Auwal, misalin ya isa haka, kada a shiga siyasa don Allah. A koma kan tambayar Sadiq.

Auwal_Farm_Centre:
Na bi, shugaba. Abin da ya kawo ni ma daban ne. Ni gyaran waya nake yi. Ku masu dizain kuna aiki a kan manyan kwamfutoci masu tsada, amma wayoyin da ke zuwa teburina kullum itel ne da Tecno da Infinix, da yawa an canza musu allo an sa na bayan fage mai araha, an liƙa gilashin kariya da ya dushe, ga tsaga, ga mai ita ya rage haske don caji ya kai shi dare. A irin wannan allon, ruwan tokan nan mai haske da kuke rubuta ƙananan bayanai da shi babu shi kwata-kwata. Sau nawa ake kawo min waya a ce ta lalace, in duba in ga lafiyarta ƙalau, rubutun ne ba ya ganuwa. Sadiq ka zo shago in ara maka guda ɗaya ka yi gwaji da ita.

Injiniya_Tarauni:
Iyakar ruwan toka a kan fari ita ce #767676, tana ba da 4.5 da ɗan ɗoriya. Duk abin da ya fi shi haske ya faɗi. Don irin wayoyin da Auwal ya faɗa, ni ba na ma kusantar iyakar.

Hafsy_Kabuga:
Kuma in da Hausa za a rubuta, lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ 'yar ƙarama ce. In rubutu ya dushe ita ce ke fara ɓacewa. A littafin bashi "kari" da "ƙari" ba ɗaya ba ne.

Jikan_Marina:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni a Ƙofar Mata na tashi, kakana marini ne, yanzu kuma ina haɗa shafukan intanet. Sadiq, tambayarka ta farko ita ce launi nawa. Ni abin da na gani a karofi shi ne launi ɗaya yana iya zama goma.

Marinar nan an ce tun 1498 take. Abin da ke cikin rami baba ne da toka da ruwa, a bar shi ya yi kwanaki ya nuna. In aka tsoma farin ƙyalle aka ɗago, ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska a gaban idonka ya juye shuɗi. A mayar, a ɗago, ya sha iska. Tsomawa kaɗan ta ba ka ruwan sararin samaniya. A ci gaba ya zama shuɗi sosai. A daɗe ana yi ya koma kusan baƙi, irin wanda ake kai wa mabuga su buge shi ya yi sheƙi, Buzaye su saya su yi rawani. Rami ɗaya ne, baba ɗaya ne. In aka shanya su a jere a kan igiya ba wanda ke faɗa da wani, don duk 'yan gida ɗaya ne.

Ranar da na fara ganin jerin launin Material Design na Google, wanda suka fitar a 2014, mai lamba 50, 100, 200 har 900, igiyar shanyar kakana na tuna. Haka za ka yi da korenka. Mafi haske ya zama bangon akwati, wanda ya ɗan fi shi ya zama layin gefe, na tsakiya zuwa sama ya zama madanni, mafi duhu ya zama kanun rubutu. Shuɗin da ka sa don shiga wani shafi ka cire shi, kore mai duhu da layi a ƙarƙashi ya isa. Ka yi wa ruwan toka irin wannan jerin, ka ɗan ɗiga masa kore kaɗan don ya zama ɗan gidan. Da jeri biyun nan za ka gina kusan komai.

Ummi_Dizain:
Wannan bayanin zan ajiye shi don ɗalibaina, da izininka.

Jikan_Marina:
Ki ɗauka Malama.

Sadiq_Gwammaja:
Yaya, na fahimta, amma yaya ake fitar da jerin? Na gwada ƙara fari da baƙi a kan koren, masu hasken suka fito kamar an wanke su da bilic, masu duhun kuma kamar ƙasa.

Malam_Nura_Lissafi:
Ka bar lambar # ka koma HSL, ta fi kusa da yadda muke magana. Abu uku ne. Na farko jinsin launi, a kan da'ira mai digiri 360: ja a 0, rawaya a 60, kore a 120, shuɗi a 240. Da'irar nan tun Isaac Newton take, a littafinsa na 1704. Na biyu ƙarfinsa, na uku haskensa. Hausa ma ta raba su tuntuni. In ka ce ja wur ko kore shar, ƙarfi kake nufi. In ka ce ja-ja ko ya koɗe, ƙarfin ya ragu. In ka ce mai duhu ko mai haske, na ukun ke nan. To ka riƙe na farko, ka riƙa motsa na uku, kuma duk lokacin da ka matsa can sama ko can ƙasa ka ɗan ƙara na biyu, shi ne maganin koɗewar da ka gani.

Zee_Frontend:
Malam, da gyara kaɗan. HSL tana yaudara a wajen haske. Rawaya zalla da shuɗi zalla duk 50 take ba su, alhali rawaya a kan fari 1.07 ce, ba ta ganuwa, shuɗi kuwa 8.6. Dalili shi ne ido bai ɗauki fitilun uku daidai ba. A lissafin haske kore ke ɗauke da kusan kashi 72 cikin ɗari, ja 21, shuɗi 7 kacal. Shi ya sa koren Sadiq na farko ya faɗi, kore ba ya jin wuyar yin haske. Ni yanzu OKLCH, wata hanyar rubuta launi mai kama da HSL, nake amfani da ita, wadda ta fito daga aikin Björn Ottosson na 2020, kuma manyan burauza duk sun karɓe ta. A cikinta in launi biyu suna da lambar haske ɗaya, to a ido ma kusan ɗaya suke.

Malam_Nura_Lissafi:
Gyaranki daidai ne. Amma ga mai farawa da launi ɗaya, HSL da ma'aunin Injiniya a gefe sun ishe shi. Kada mu cika masa kaya.

Zee_Frontend:
Na yarda da rabi. Ran da zai haɗa jerin ja da na kore su yi tafiya tare, zai dawo.

Kb_Zoo_Road:
Ba wanda ya ambaci 60-30-10. Sittin bango, talatin launi na biyu, goma na jan hankali.

Ummi_Dizain:
Daga masu ƙawata ɗaki aka aro ta, bango da kujeru da filo. Tana taimakawa a fosta. A manhaja irin ta Sadiq, wadda jerin sunaye ce da lambobi, fari da toka sun fi sittin nesa ba kusa ba, koren ma da wuya ya kai goma. In ka ce sai ka cika talatin da launi na biyu, gwal ɗin nan zai dawo ya mamaye shafi.

Anti_Binta_Tela:
Ni dai ban yarda a mayar da komai fari da toka kamar asibiti ba. Mutanenmu suna son launi. Ku dubi hawan sallah, ku dubi zanen bangon gidan sarki, ku dubi atamfar da ta fi tafiya. In Alhaji ya buɗe ya ga abu fari fat zai ce yaron nan bai yi aiki ba. A ɗinki ma in yadi ya cika ado sai a yi masa aiki kaɗan, in shadda ce lami sai a zuba mata aiki a wuya. Ba a hana ado, wuri ake ba shi. Sadiq ka ba shi shafin farko, inda tambari yake, ka cika shi da kore da gwal yadda zai ji daɗi. Cikin littafin kuma ka bar wa yara su ga lamba.

Ɗan_Kwari_Layin_Atamfa:
Hajiya ta san Alhazan Kwari. Wallahi haka za a yi.

Hafsy_Kabuga:
Wai ni kam algashi wane launi ne? A gidanmu kore ne, amma na ga wasu na rubuta shi a wajen shunayya.

Anti_Binta_Tela:
Mu dai kore muka sani, mai ɗan haske. Kakata kuma tsanwa take cewa. Shi ya sa ba na karɓar aiki da sunan launi a waya. Ruwan bula na wannan ba shi ne na waccan ba. A kawo ƙyalle.

Zee_Frontend:
Mu ma haka ne Anti, lambar ita ce ƙyallenmu. Kuma Sadiq, a cikin aikin kada ka sa wa launi suna da kamanninsa, ka sa masa da aikinsa: na madanni, na bango, na bashi, na kuskure. Ran da Alhaji ya ce a canza, wuri ɗaya za ka taɓa.

Baban_Hanifa:
Tunda an zo nan, jan bashi da jan kuskure ɗaya za su zama? Don bashi a kasuwa ba laifi ba ne, da shi ake ciniki. In rabin sunayen shafi ja ne, ranar da wani abu ya lalace da gaske ba wanda zai lura.

Ummi_Dizain:
Tambaya mai kyau. Ni da zan bar sunan da baƙi, in sa kuɗin da ya rage da rubutu mai kauri, ja kuma sai wanda wa'adinsa ya wuce.

Ɗan_Kwari_Layin_Atamfa:
Kuma akwai sirri a ciki. Wani babban mutum ne, shekara ashirin kuna hulɗa, ya leƙo ya ga sunansa da ja wur a hannun yaron shago, ba zai ji daɗi ba.

Auwal_Farm_Centre:
Yanayin duhu fa, wato baƙin bango da rubutu mai haske? Samari duk shi suke kunnawa yanzu, wai yana rage cin caji.

Injiniya_Tarauni:
A allon AMOLED yana ragewa, don ɗigon da yake baƙi a kashe yake. A LCD, wanda shi ne a yawancin ƙananan wayoyi, fitilar baya a kunne take ko me aka nuna. Kuma a tsakar rana baƙin bango ya fi wuyar karantawa, allon komawa yake madubi. In za a yi shi, ba juya launuka kawai ake yi ba. Google ma #121212 suka ba da shawara a matsayin bango, ba baƙi ƙirin ba, kuma koren mai duhu dole ya koma mai haske. Aiki ne na biyu cur. Sadiq ya gama na farko tukuna.

Zee_Frontend:
A nan ban bi ka ba Injiniya. Yaran nan da dare suke haɗa lissafi, sau da yawa ba wuta. Farin allo a cikin duhu yana sa ido ruwa. In ya sa wa launukan suna tun yanzu kamar yadda na ce, ƙara shi ba zai ɗauke shi kwana biyu ba.

Sadiq_Gwammaja:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda nake: saman allo ya koma #1B5E20, tambarin gwal a kansa, shuɗi da ruwan lemo sun fita. Na rubuta "An biya" da "Saura" kowanne da alamarsa, na mayar da wayata fari da baƙi na ba ƙanwata, ta nuna masu bashin duka ba kuskure. Abin da ban yanke ba shi ne jan sunayen, don Alhaji da bakinsa ya nema, kuma ban san yadda zan ce masa a'a ba. Na yi niyyar in kai masa iri biyu ya zaɓa. Malam Auwal, in kana shago gobe bayan azahar zan biyo in karɓi wayar, daga nan in wuce Kwari.

Auwal_Farm_Centre:
Ina nan in sha Allah. Akwai wata itel mai tsagaggen gilashi, ita zan ba ka.

Ɗan_Kwari_Layin_Atamfa:
Kada ka nuna masa a cikin shago. Ka ce Alhaji mu ɗan fita bakin layi, kuma ka bari yaron nan da ya fara ƙorafi ya riƙe wayar.

Anti_Binta_Tela:
In ya zaɓi mai jan fa?